Rumfar da ake farfaɗo da tsofaffin asake a gefen Babbar Kasuwar Katsina

A gefen Babbar Kasuwar Katsina, ta wajen da masu wasa wuƙa suke zama, akwai wata 'yar rumfa da ba ta da allon suna. Mai ita dattijo ne, ɗan gidan wanzamai, kuma abin da yake ci da shi yau da gobe shi ne wasa almakashin teloli da wuƙaƙen mahauta da haƙoran kilifa. Amma akwai aikin da yake karɓa wanda masu iya shi sun yi ƙaranci a garin: tsohuwar askar da tsatsa ta ci, irin wadda ake tsinta a ƙasan zabira ko cikin adakar gado, a mayar da ita ta sake yin aski. Wannan sharhi ya dogara ne a kan asake uku da aka kai masa. Ta farko askar Ingila ce mai kauri, ƙirar garin Shafil (Sheffield), mai ƙotar ƙaho. Ta biyu ta Jamus ce, ƙirar garin Zolingen (Solingen), mai siririn ciki da ƙotar roba irin ta da. Ta uku askar gida ce, ƙirar maƙeranmu, wadda ta yi shekaru a kube ba a zare ta ba.

Abin da ya fi komai daraja a rumfar nan shi ne injin garanda yana ajiye a gefe, amma aska ba ta zuwa kusa da shi. Wanda bai san ƙarfe ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Yawancin tsofaffin asaken da suka mutu a hannun masu gyara, garanda ce ta kashe su, ba tsatsa ba. Askar Turai ta da baƙin ƙarfe ce mai yawan kabon, an ba ta taurinta a masana'anta da wuta daidai gwargwado. Bakinta kuwa ya fi takarda siranta, don haka daƙiƙa biyu ko uku a kan dutse mai juyawa sun isa su ɗaga zafinsa. Idan ƙarfen ya yi launin rawaya kamar busasshiyar ciyawa, ya kai wajen digiri 230. Idan ya yi shuɗi, ya kusa 300, kuma taurin wurin ya tafi ke nan. Za ta wasu, za ta yi ƙyalli, za ta yanke gashi biyu-uku, sannan bakin ya lanƙwashe. Babu dutse ko fatar da za su dawo da shi. Mai rumfar ya san wannan, shi ya sa duk aikinsa da hannu ne, shi ya sa kuma ba ya ba da aska a ranar da aka kawo ta in dai gyara ne na sosai.

Kafin ya faɗi kuɗi sai ya duba. Yana buɗe askar a hasken rana, ya bi bakin da ido daga dunduniya zuwa tsini, sannan ya ɗora gefen bakin a kan farcen babban yatsa ya danna a hankali yana ja. A aska mai siririn ciki, ƙarfen kan ɗan motsa a kan farce, kuma idan akwai tsaga sai ta buɗe ta nuna kanta. Tsagar da ta taso daga baki ta haura ciki hukuncin kisa ce, sai dai in tana dab da tsini ta yadda za a iya rage tsawon askar a wuce ta. Yana kuma rarrabe tsatsa kashi-kashi. Ja mai gari-gari ita ce mai rai, tana ci gaba da ci, dole ta fita duka. Baƙin tabo mai santsi ya riga ya tsaya, ba ya ƙara cutarwa. Sai ramuka, waɗanda su ne ainihin matsala: rami a gadon baya ko a wuyan aska muni ne kawai, rami a kan layin kaifi kuwa shi ke yanke shawarar ko askar za ta rayu.

A nan ne askar Jamus ta faɗi, kuma yadda ya bayyana dalilin ya nuna ya san abin da yake yi. Tsatsarta ba ta bazu ko'ina ba. Ta kama rabin da ke kwanciya cikin ƙota ne kawai, gadon bayan da ke waje kuma fes. Wannan alamar ruɓewar ƙota ce. Robar da ake kira seluloyid, wadda aka yi ta amfani da ita a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 don kwaikwayon hauren giwa da ƙoƙon kunkuru, idan ta tsufa takan fara fitar da iska mai asid, iskar kuma ta riƙa cin ƙarfen da ke rufe a cikinta. Wani lokaci akan ji wari mai tsami idan an kai hanci. Irin wannan ƙota ba ta gyaruwa, kuma idan aka ajiye ta a akwati ɗaya da wasu asake sai ta shafa musu. Ya cire ƙotar, ya nuna ramukan da suka huda bakin har haske na ratsawa, ya ce ba za ta yi aski ba ko an wasa ta kwana bakwai. Ya goge ta don ajiyar tarihi, ya karɓi kuɗin guga kawai. Wani zai karɓi cikakken kuɗin gyara, ya niƙe rabin faɗinta, ya miƙo abin da ba aska ba ba wuƙa ba.

Askar Shafil ita ce ta nuna cikakken aikinsa. A wuyanta akwai sunan gari amma babu kalmar England, abin da yawanci ke nuna an yi ta kafin 1891, shekarar da dokar Amurka ta fara tilasta a rubuta sunan ƙasar da kaya suka fito. Masu sha'awa su duba wannan wuri kafin a taɓa shi da komai, domin nan ake samun tambarin gidajen da suka yi suna, kamar tauraro da kuros na Joseph Rodgers, ko lofe na George Wostenholm, ko bishiyar Böker ta Jamus. Mai rumfar ba ya karanta boko sosai, amma ba ya goge rubutu. Wuyan aska da buroshin waya mai laushi da mai kawai yake tsabtace shi.

Ya fara da raba ƙarfe da ƙota. Ya liƙa salatif a kewayen ƙusar maƙogwaro, wato inda ƙarfen yake juyawa a cikin ƙota, don kada magagari ya karce ƙahon, ya goge kan ƙusar har ya baje, sannan ya tura ta da siririn ƙarfe a kan katako mai rami. Ba ya sa sukundireba tsakanin ɓarin ƙota biyu ya ɓanɓara, wanda shi ne yadda ake fasa ƙota a bakin rami. Ƙarfen ya kwana cikin kananzir, washegari ya kankare jar tsatsar da guntun tagulla, wadda ba ta kai ƙarfen aska tauri ba, don haka ba ta barin zane. Ba ya jiƙa aska a ruwan khal ko lemun tsami ko tsamiya, balle ruwan batir da wasu ke ganin shi ne gajeriyar hanya. Asid ba ya bambance tsatsa da lafiyayyen ƙarfe: yana zurfafa ramuka, ya bar fuskar ta yi toka-toka, ya cinye siririn bakin da ake ƙoƙarin ceto.

Daga nan sai samfefa, irin ta ruwa da ake saya wajen masu kayan fentin mota. Yana kwantar da askar a kan katako da ya binne maganaɗisun tsohuwar sifika a ciki, bakin yana kwance a jikin katakon, don kada ta zame ta yanki yatsa kuma kada a danne siririn ciki ya tsage. Samfefar yana naɗe ta a guntun tiyo don ta bi kwarmin cikin askar. Ya fara da lamba 400 mai kaushi (ƙaramar lamba ta fi kaushi) saboda wannan askar tana da ramuka. Da tsatsar sama ce kawai, da daga 800 zai tashi. Sai 600, 800, 1000, 1500, 2000, da ɗigon man keke a kowane mataki. Dabarar da ke raba gwani da ɗan koyo tana nan: kowace lamba yana canza mata hanya, wannan a tsaye daga gadon baya zuwa baki, ta gaba a kwance daga dunduniya zuwa tsini, kuma ba ya matsawa gaba sai zanen lambar baya ya ɓace gaba ɗaya. Wanda ya tsallake daga 400 zuwa 1000 zai ga aska tana ƙyalli da zurfafan layuka a ƙarƙashi, kuma dole ya koma baya. Matakin 400 shi kaɗai ya ci fiye da rabin lokacin aikin. A ƙarshe ya goge da man goge ƙarfe na Autosol a tsumman auduga.

Ba duk ramukan ya kora ba. Akwai uku-huɗu masu zurfi kusa da gadon baya da ya bari, bayan ya tabbatar babu jar tsatsa a cikinsu. Wannan hukunci ne mai kyau. Kafin a shafe rami ɗaya sai an rage duk fuskar ƙarfen zuwa zurfinsa, kuma garin neman gira sai a rasa ido. Gadon bayan aska ba ado ba ne, shi ne ma'aunin kaifinta. Aska mai faɗin milimita 16 takan zo da baya mai kaurin wajen milimita 4.5, ta yadda idan an kwantar da ita a dutse, baki da baya suna taɓawa tare, kusurwar kaifi za ta fito wajen digiri 16 da kanta. Aka sirance bayan, kusurwar ta ragu, bakin ya riƙa ɓarewa. Aka rage faɗin aka bar bayan, kusurwar ta ƙaru, askar ta riƙa jan gashi.

Aikin ƙaho ma ya yi kyau. Ƙotar ta bushe ta fara ɓawo, abin da hunturun Katsina ke yi wa ƙaho da fata duk shekara, ɓari ɗaya kuma ya ɗan karkace. Ya tsoma shi a ruwan zafi har ya yi laushi, ya matse shi tsakanin katako biyu ya kwana, sannan ya jiƙa duka biyun kwana biyu a man jarirai. Man gyaɗa ko man ja ba su dace ba, suna yin danƙo da wari. Ramukan da ƙwari suka ci ya cike su da garin ƙaho da gam mai kamawa nan take, ya goge ya daidaita. Sai an kawo ido kusa ake ganin wurin.

Inda rumfar ta fara gazawa shi ne wajen mayar da ƙusa. Ƙusar da ya sa daidai ce, sandar tagulla ta masu walda mai kaurin milimita 1.6, wadda ita ce girman ramin yawancin asaken nan, kuma ta fi ƙusar kafinta da wasu ke sawa ta yi tsatsa a ciki. Bugunsa ma da ƙaramar guduma ne, a hankali, yana juyawa. Amma bai mayar da siraran wosha biyu da ke zama tsakanin ƙarfe da ƙota ba, kuma ya fi matse gefe ɗaya. Sakamakon shi ne idan an rufe askar, tsininta yana karkata yana gogar ɓarin hagu. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Aska da aka sha wahalar wasawa za ta dakushe a rufewa ta uku, ta kuma riƙa yankar ƙotarta. Da aka mayar masa ya gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba, ya cire ƙusar, ya yanko wosha daga fallen tagulla, ya daidaita bugun har ta zauna a tsakiya. Duk da haka, wanda zai karɓi aska a wurinsa ya rufe ta a hankali a gabansa yana kallo ta sama, ya kuma buɗe ta rabi ya ga ko tana tsayawa da kanta. Idan ta faɗo, ƙusar ta yi sako-sako.

Washi kuwa rabi yabo ne rabi suka. Farkonsa babu abin cewa. Dutsensa a shafe yake, domin yana zana masa layuka da fensir ya goga a kan samfefar da aka shimfiɗa a gilashi har layukan su ɓace. Yana liƙa tef ɗin wayarin fallen ɗaya a gadon baya don kada dutse ya ci shi, yana canza shi idan ya sile. Yana shafa baƙar maka a bakin, ya ja sau biyu-uku, ya duba inda tawadar ta rage, nan ne dutse bai taɓa ba. Ja yake yi baki a gaba, askar a kwance, yana karkatawa daga dunduniya zuwa tsini, ya juya ta a kan bayanta. Askar Shafil tana da ɗan lanƙwasa a baki kamar jinjirin wata, yadda aka ƙera ta, kuma bai miƙar da shi ba, ya bi shi da murza hannu. Ya tsaya a dutse mai kaushi na lamba 1000 har sai da ƙananan ramukan bakin suka ƙare aka iso lafiyayyen ƙarfe, kuma askar ta aske gashin hannu a kowane sashe nata. Wannan mataki shi ne ginshiƙi, wanda ya bar shi da wuri duk abin da ya yi a gaba wahalar banza ce.

Matsalar ita ce duwatsunsa sun ƙare da wuri. Daga 1000 yana zuwa wani mai matsakaicin laushi, wajen 3000 ko 4000, daga nan sai fata da aka shafa wa koren maganin guga. Askar gemu tana son a kai ta 8000 aƙalla, masu so ma har 12000. Koren maganin yana rufe gibin kaɗan, amma ba ya shafe zanen dutsen baya. Shi ya sa askar ta aske kai lafiya lau, amma a gemu mai tauri da ƙarƙashin haɓa ana jin kaushinta, tana barin zafi. Wanda askin kai kawai yake so ba zai ga laifi ba. Mai son ta don fuska zai buƙaci ya nemi dutse mai laushi ya ƙarasa da kansa, ko ya kawo nasa rumfar, domin mai ita ya iya amfani da shi.

Fatar da yake sayarwa kuwa abin saye ce. Ƙirgi ne na saniya daga hannun dukawa, jimar bagaruwa, faɗin santimita 6 ko 7, tsawon kusan rabin mita, babu kumburi babu tabo. A ja ta ta miƙe sosai, a ja askar baya a gaba, sau arba'in zuwa hamsin kafin kowane aski, a juya ta a kan gadon baya. Fata mai sako-sako ko juyi a kan baki su ke dunƙule kaifi.

Askar gida ba ta ɗauke shi lokaci ba, kuma a nan ya fi ƙwarewa. Ba ta da gadon bayan da zai tsayar da kusurwa, da hannu ake riƙe ta, hannunsa kuma ya saba tun yana yaro. Ya cire tsatsar, ya bar baƙin wuta da sawun guduma na maƙeri yadda suke, ya ba ta kaifin da ya fi na Shafil daɗi a fata. Ya kuma ba da shawarar a daina ajiye ta cikin tsohon kubenta, domin fata tana riƙe laima a damina, ita ce ma ta jawo tsatsar tun farko.

Abin da ya fi damuwa a rumfar shi ne tsafta. Yana gwada kaifi a gashin hannunsa, ya share da tsumma ɗaya da yake share komai, ya shafa mai, ya naɗe a takarda. Babu sifirit a wurin. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana bakwai ko fiye, kuma aska kayan fidda jini ce ko an so ko ba a so ba. Duk wanda ya karɓo tasa ya wanke ƙarfen da sabulu da ruwan ɗumi, ya goge mai da ragowar maganin guga, ya tsoma ƙarfen kaɗai a sifirit mai ƙarfin kashi 70 na wasu mintoci, ya busar sosai har cikin maƙogwaro. Kada sifirit ya taɓa ƙotar seluloyid, kada a tafasa aska mai ƙotar ƙaho, kada kuma a jiƙa ta a ruwan bilic, wanda ke huda baƙin ƙarfe cikin ɗan lokaci. Kuma askar da aka farfaɗo ta mutum ɗaya ce. Mai ramuka a jiki ba ta dace da askin jama'a ba, balle kaciya ko askin suna na jariri, domin ramukan nan ba sa tsabtatuwa yadda ya kamata. Don wannan aikin sabuwar reza a kan kowane mutum ita ce daidai.

Kuɗinsa bai wuce kima ba idan aka dubi kwana huɗu zuwa biyar da cikakken gyara ke ci. Yana raba shi uku, guga kaɗai, guga da washi, ko har da cire ƙota, kuma yana faɗi tun farko ba ya ƙarawa daga baya. Akwai asake iri biyu da ya kamata a yi magana da shi sosai kafin a bar masa. Mai zanen ruwan zinare a fuska, domin samfefa ko Autosol sau ɗaya sun isa su share shi, irin wannan mai da auduga kawai take so. Sai mai ƙotar hauren giwa, wadda ake ganewa da sirantarta da ƙusa marar wosha a waje. Ita ba a cire mata ƙusa sai dole, don tsagewa take yi daga rami, kuma ba a samun madadinta tun da aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989. A ce masa ya yi aikin ƙotar tana jiki, ya tsabtace maƙogwaron da zare da ɗigon mai.

Bayan an kawo ta gida, watan Agusta ne abin tsoro. A share ta ta bushe bayan kowane aski, a bar ta a buɗe na ɗan lokaci kafin a rufe, a shafa mata ɗigo ɗaya na man keke ko man jarirai, a ajiye ta a ɗaki nesa da banɗaki da randa. Baƙin ƙarfen da aka goge sabo, idan aka rufe shi da ɗigon ruwa a maƙogwaro da dare, kafin gari ya waye ya yi jan tabo.